Sunan da Baba Ba Ya Kira

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunan Yaya ba. Dalilai biyu ne suka haɗu. Yaya ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Tambuwal uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, ba ya ma sakar masa fuska in da mutane. Sannan sunan kakanmu aka sa masa, Malam Nu'umanu, mahaifin Baba. Inna ta ce sau ɗaya tak Baba ya furta sunan, ranar suna, a kunnen liman, shi ma da ƙyar liman ya ji. Daga ranar sai "wancan", sai "yayanku". In yana nemansa ni zai kalla ya ce, "Rumasa'u, ina shi?" Kowa ya san wa ake nufi.

Yaya ya rasu bayan kaka, ciwon hanta ne ya ɗauke shi. Ya bar matarsa Mu'minatu, bai bar ɗa ba. Mata masu zuwa gaisuwa sai su dafa ta su ce, "Allah sarki, ko baya bai bari ba." Wallahi duk wadda ta faɗi haka ji nake kamar in kore ta da muciya. Baba kuwa shi ya ja sallar gawa, ya dawo ya zauna kan buzunsa, ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani.

Cikin kwanakin zaman makoki mutanen jami'ar da Yaya ke koyarwa suka zo. Ina bayan ƙofar zaure ina miƙa ruwa, na ji wani dattijon farfesa yana yi wa Baba bayani. Ya ce binciken da Dakta, wato Yaya, ya yi kan itacen gawo da gero ana karanta shi a ƙasashe masu nisa, ɗalibai suna kafa hujja da shi, masana suna ambatonsa a tarurruka.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah shi saka muku da alheri. Ni ban san waɗanga ƙasashe ba. Nan ƙasarmu, akwai wanda ya ƙoshi da ilimin nan?"

Farfesan mutumin kirki ne, bai yi cika baki ba. Ya ce, "Malam, wannan sai an je gona an gani."

Na ji haushin Baba ranar, ba zan ɓoye ba. Mutum yana kabari ma ba za a ce masa madalla ba?

Gidanmu gidan karatu ne. Yaya ya sauke Alƙur'ani da wuri, ya shiga littattafan fiƙihu, kowa ya ɗauka shi zai gaji buzun Baba. Sai ya tafi jami'a ya karanci noma da itatuwa. Baba bai hana shi ba, amma magana ɗaya ya yi wadda ta zauna a gidan shekara da shekaru: "Ya bar buzu ya bi kututture."

Kuma kututturen ya bi, ba ƙarya. Gawo itace ne mai taurin kai. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi zubar da ganyensa yake ya tsaya tsirara, da rani kuma ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa abincin awaki ne, shanu su kwanta a inuwarsa da rani su bar kashi a wurin. Tsofaffi sun san haka. Amma manyan gawo sun ƙare a wutar girki da gawayi, kuma kowace bazara in an zo sassabe, wato share gona kafin ruwa ya sauka, duk tohon da ya fito sai a fille masa kai. A wurinmu gona fes ita ce mutuncin namiji, wanda ya bar tsiro a gonarsa raggo ake ce masa.

Yaya ya gano saiwoyin nan ba su mutu ba, suna nan a ƙasa suna jira. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gwaji: wane toho za a bari, tazara nawa tsakaninsu, yaushe za a rage rassa, geron da ke ƙarƙashi ya fi na fili da me. Abin da ya fito da shi a ƙarshe ba shi da wuya. Ka duba kututture, ka zaɓi toho ɗaya miƙaƙƙe, ka yanke sauran, ka aske masa rassan ƙasa, ka ɗaura masa jan ƙyalle don mai adda ya gani ya kauce. Nakan tsokane shi in ce, "Dakta guda, ka ƙare a wanzamin kututture!" Sai ya yi dariya ya ce ai su ba sa gardamar aski.

Inda ya yi yawancin gwajin nan gonarmu ce ta bayan Kebbe. Kakanmu ya yi zaman karantarwa a can, shi ya bar ta. Tun kafin a haife ni tana hannun gidan Bube a matsayin aro, kowace kaka Bube yakan kawo wa Baba damin gaisuwa.

Da bazara ta kama, ƙanena Dawuda ya shigo wurin Baba da maganar gonar. Dawuda hatsi yake sayarwa a kasuwar Tambuwal, ba mugu ba ne, amma duk abin da ya kalla sai ya hango rigimar da za ta fito daga ciki.

Ya ce, "Baba, gonar Kebbe ta cika da icce. Kun san al'ada, wanda anka ba aron gona ba shi dasa icce cikinta. Gobe in babu ku, babu Bube, ɗiyanai za su ce iccen ubansu ne, gona ta bi icce. Ga shi motar noma ba ta iya shiga. Na yi magana da mai injin yanka, a share su tun ruwa bai sauka ba."

Ina shara a tsakar gida na yar da tsintsiya. Na ce, "Kai Dawuda, ka ji tsoron Allah! Ba dasawa anka yi ba, raino ne. Aikin Yaya ke nan duka, shi za ka sa wa inji?"

Ya ce, "Dasawa ko raino, alƙali inuwa zai gani."

Baba ya ɗaga hannu muka yi shiru. Ya ce, "Ba ni yanke hukunci kan abin da ban gani ba. Mai injin shi tafi shi jira mu can. In na ga sara ya kamata, a sare."

Na ce zan bi su in gaida Gwaggo Nana da ke aure a Kebbe. Baba ya san ba Gwaggo ce ta dame ni ba, amma ya bar ni na bi su.

Muka fita da hantsi a motar Dawuda, da niyyar mu juyo kafin la'asar, don hanyar ba a sakin jiki da ita yanzu. Hanyar Kebbe kuwa, wanda bai bi ta ba ba zai gane ba, rami ne ke miƙa ka ga rami. Mun yi nisa motar ta ɗau zafi, Dawuda ya tsaya gefen wata gona ya buɗe gabanta. Baba ya sauko ya zauna a gindin wata bishiya yana jan carbi. Cikin gonar wasu mutum biyu suna sassabe.

Sai muka ji babbansu ya daka tsawa: "Kai Atu! Ɗauke addarka! Ba ka ga nu'umanu ba ne?"

Carbin Baba ya tsaya cak a hannunsa. Ni kuwa tun rasuwar ban ji wani ya ɗaga murya da sunan nan ba.

Baba ya ce, "Bawan Allah, zo. Mi kac ce?"

Mutumin ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya ce, "Gafarta Malam, ƙanena ne zai kashe mini nu'umanu. Iska ta ɗauke ƙyallen, shi ko ba shi duba gabanai."

Dawuda ya matso yana goge hannu. Ya ce, "Ka san mai sunan?"

Mutumin ya yi kasaƙe. "Mai suna? Ai sunan icce ne. Wanda ka iske tsaye, gawo ne. Wanda ka zaɓa daga kututture ka raina da hannunka, shi aka ce ma nu'umanu. Surukina na Jabo ya nuna mini, shi kuma ga wani mutumin Kebbe ya gani." Ya nuna wasu da suka fi tsayin mutum a tsakiyar gonar. "Waɗancan su na fara bari. Da farko dariya anka yi mini, anka ce na zama raggo. Bara geron da na ɗiba ƙarƙashinsu, Malam, rabona da ganin irinai tun ubana na da rai. Masu dariyar yanzu su ke zuwa roƙon ƙyalle."

Baba ya miƙe. Ya sa masa albarka, muka koma mota.

Muna tashi Dawuda ya fashe. "Kun ji ko, Baba? Sunan Malam babba a bakin masu sassabe! A sare shi, a kashe shi, akuya ta ci shi! Wanga wane irin wulaƙanci ne?"

Nan Dawuda ya taɓa inda yake ciwo. Baba ba ya wasa da sunan mahaifinsa. Akwai ɗalibin da ya taɓa ambatonsa ba tare da ya ce Malam ba, Baba bai sake ba shi karatu ba sai da dattawa suka sa baki. Na leƙa fuskarsa ta madubi, na ga ta rufe ruf. Na ce a raina shi ke nan, itatuwan Yaya sun tafi.

Na juya ga taga don kada su ga idona. Sai a lokacin na lura da abin da muke ta wucewa tun ɗazu. Jan ƙyalle. Dama da hagu, gona bayan gona, wani a kan tsiron da bai kai gwiwa ba, wani ya koɗe a jikin itacen da ya fi ɗaki tsawo. Wasu gonakin fes suke irin na da, amma ba ka tafiya kaɗan sai ka sake ganin ja. Na toshe bakina da mayafi na yi kukana ba sauti.

Gonarmu tun daga nesa ake gane ta. Ko'ina ya bushe ƙurmus, ita kuwa inuwa ce jere-jere, shanun Bube suna kwance suna tuƙa, awaki suna tsintar 'ya'yan gawo. A bakin gonar mai injin yanka ya riga ya sauke injinsa daga kan babur yana zuba masa mai.

Bube ya taho da sauri, dogon tsoho ne siriri, ya cire takalmi ya durƙusa gaban Baba. Ya yi ta'aziyya. Na lura duk maganar da zai yi "iccen Dakta" yake cewa. Ya san gidanmu, ba zai kama sunan nan a gaban Baba ba.

Baba ya tsaya dogare da sandarsa, ya yi masa tambaya irin wadda yake yi in an kawo masa shari'ar gado.

"Bube, ka dasa icce cikin gonar aro?"

"Ko ɗaya ban dasa ba, Malam. Saiwarsu ta girme ni, tun zamanin Malam babba take cikin ƙasa. Dakta ya ce kowace shekara muna fille musu kai, su ko sun ƙi mutuwa. Bari kawai munka yi."

Dawuda ya ce, "Baba Bube, ku ba mu da shakka kanku. Ɗiyanku fa, bayan ranku?"

Bube ya gyaɗa kai. "Ka yi gaskiya, ɗan yau ba a shaidarsa. Amma shiga kasuwar Kebbe ka tambayi kowa sunan iccen ga. In ɗiyana sunka kai ƙara, da wane suna za su kira shi gaban alƙali? Ba Bube za su ce ba. Sunan gidanku za su kira da bakinsu."

Dawuda ya juya yana kallon itatuwan.

Baba ya ce, "Shi ya sa musu sunan?"

"A'a wallahi! Mutane ne ke zuwa kallon gero, su ce dabarar wa ce, a ce ta wane ce. Yau da gobe sunan ya sauka kan iccen. Da ya ji har fushi ya yi, ya bi gari-gari yana hanawa, amma bakin mutane ba a ɗaure shi." Bube ya sunkuyar da kai. "Nan inda kuke tsaye ya zauna ya ce mini, Bube, in Baba ya ji zai ce na kai sunan mahaifinai daji. Shi ya sa bai taɓa roƙonku ku zo ku gani ba. Ya so ku zo, Malam. Ya so ƙwarai."

Baba ya tsaya yana kallon ƙasa, gemunsa yana motsi.

Mai injin ba ɗan yankin ba ne, bai san abin da ake ciki ba. Ya ja igiyar injinsa ta yi ƙara, shanu suka zabura. Ya kashe ya ce, "Malam, rana na yi. Ta ina za a fara?"

Baba ya taka cikin gonar a hankali, muka bi shi. Yana wuce itace yana dafa shi da tafin hannu, kamar yadda yake dafa kan yara in sun zo gaisuwa. Can ƙarshen gonar ya tsaya kan wani kututture da ya yi toho cunkus, babu ƙyalle a jikinsa.

"Wanga fa?"

Bube ya ce, "Wanga bai samu mai zaɓenai ba tukuna. Dakta ya ce bana za a zaɓa, shi da kainai. Sai Allah ya yi ikonsa. Ni kuma na kasa taɓa shi."

"Ba ni wuƙa."

Muka kalli juna ni da Dawuda. Baba da alƙalami aka san hannunsa, ban taɓa ganinsa da fartanya ba. Bube ya zaro wuƙa daga kube ya miƙa masa da hannu biyu. Baba ya tattara rigarsa ya durƙusa a ƙasa.

"Yaya yake yi?"

"Ku duba wanda ya fi miƙewa, Malam. Ba lallai mai tsawo ba. Wancan na tsakiya. To, ku yanke sauran daga gindi."

Gawo ƙaya gare shi. Tun a reshe na biyu ta soke Baba a yatsa, jini ya fito. Dawuda ya ce, "Baba, ku kawo in yi." Ko kallonsa bai yi ba. Ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya aske rassan ƙasa yadda Bube ya nuna, har toho ɗaya ya rage tsaye, siriri, bai wuce ƙugu ba. Gumi ya jiƙa masa wuya.

Bube ya laluba aljihu ya ce ƙyallensa ya ƙare, bari ya je gida ya ɗauko. Baba ya ce ba sai ya je ba. Ya kamo bakin rawaninsa, ya sa wuƙar ya tsaga, ya ɗaura wa tsiron farin ƙyalle, yatsansa ya bar ɗan ja a jiki.

Sannan ya ɗago ya dubi Bube. "Yanzu mi a sunanai?"

Bube ya kawar da kai. Dawuda ya kalli takalminsa. Ni ma na yi shiru, ba wanda zai iya faɗa a gabansa. Baba ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba mai taimakonsa. Mutumin da ya raɗa wa rabin yaran unguwarmu suna, ga shi durƙushe a turɓaya.

"Nu'umanu," in ji Baba.

Ya faɗa da irin muryar da yake sanar da suna a ƙofar gidan haihuwa, kowa ya ji, har mai injin. Sai ya sake faɗa a hankali, kuma wannan karon ba da itacen yake ba. "Nu'umanu." Hawayen da bai zubo a maƙabarta ba ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba. Ni dai zama na yi a ƙasa na saki kuka, ba ruwana da wanda ke kallo.

Dawuda ya juya ba tare da an ce masa komai ba. Na hango shi a bakin gona yana taya mai injin ɗaure kayansa a bayan babur.

Bube ya kama Baba ya miƙe. Baba ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya gyara guntun rawaninsa, ya ce mu tafi kada la'asar ta same mu a hanya. Mun kusa mota ya tsaya ya kira ni.

"Rumasa'u."

"Na'am, Baba."

"In mun isa gida ki shiga wurin Mu'minatu. Ki ce mata na je na gani. Ki ce mata Nu'umanu ya bar baya."